Ciroman da Ya Sa Nima Ta Yi Salla da Sauran Azumi

Bana shekara goma ke nan da rasuwar yayana Ɗanladi, wanda unguwarmu Nima ta sani da Ciroma kafin ta koma kiransa Mai Wata. Matasan yanzu sun ɗauka kirari ne. Tsiya ce ake yi masa, kuma ya ci ta har ya koma ga Allah.

Shi ne babban ɗan sarkin jama'armu, kowa ya san shi zai gaje shi. Kyakkyawa ne, mai son a gan shi, ko kasuwar Malam Atta zai je sai ya naɗa rawani. A lokacin ƙasar nan ba ta zama Ghana ba. Al'adarmu kuwa, ba a kaɗa gangar ƙofar sarki don Salla sai mutum biyu adalai sun shaida wa liman sun ga wata. Abin da ke ci wa Yaya rai shi ne kullum daga unguwar Zongo Lane labarin ganin wata ke zuwa, mu mutanen Nima sai dai mu bi.

A shekarar da abin ya faru Baba na kwance ba lafiya. Ranar ashirin da tara ga azumi hadari ya rufe sama, amma Yaya ya sauko daga tudu bayan magariba ya ce ya ga wata, ya sa aka kaɗa ganga ba tare da an je wa liman ba. Gari ya waye muka yi Idi, mata suka sauke tukwanen waakye, wato shinkafa da wake, har maƙwabciyar unguwarmu Maamobi aka ci aka sha. Da rana 'yan dakon da suka dawo daga kasuwar Makola suka ce can kowa na azumi. Da yamma sama ta washe tas, aka duba aka duba, babu wata.

Yau rediyo ke faɗa mana ranar Salla, kuma har yanzu sai an yi gardama. Da yana raye na san dariya zai yi, ya ce ga akwati na yin abin da aka tuɓe shi daga sarautar Ciroma a kansa. Bayan tuɓewar ya koma Maamobi yana kasa goro a tire, sarauta ta wuce gidan baffanmu. Na yi shekara biyu ban taka ƙofarsa ba saboda haushi, kuma ina jin kunyar wannan har yau.

Abin da masu zolaya ba sa faɗi shi ne yadda aka tuɓe shi. Dattawa sun taru a zauren Baba, liman ya ajiye Alƙur'ani a gabansa ya ce, "Ciroma, in ka ga watan, ɗora hannu ka rantse, magana ya ƙare." Gaskiya ne kuwa, da ya rantse babu mai ikon taɓa rawaninsa. Ina zaune a bayansa ina roƙon Allah a zuciyata ya ɗora hannun nan, don ni ma ina son zama ƙanen sarki. Ya daɗe yana kallon Littafin, sannan ya ce, "Malam, ban gan shi ba koraa, ko kaɗan. So na yi in gan shi." Da hannunsa ya warware rawanin.

Ya ɓata wa unguwa guda azumin yini ɗaya, wannan ba zan wanke shi ba. Amma na zauna a wannan zaure sau da yawa tun daga ranar, na ga manya sun ɗora hannu a kan abin da bai kai sarauta ba. Allah ya jiƙan Yaya Ɗanladi.