Esin Hawa na Biyar

Fermin Almonte bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko kofi a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Shekara ashirin da shida yana kula da wani gini mai hawa shida a unguwar Bronx, kuma mazauna ginin, galibinsu 'yan Dominika irinsa, Supa suke ce masa, wato mai kula da gini. Famfo ya tsiyaya, a kira Supa. Ɓera ya mutu a cikin bango, a kira Supa. Ban da albashi, aikin ya ba shi ɗaki biyu a ƙasan ginin, kusa da tukunyar ɗumama gida, inda shi da matarsa Belkis suka tsufa. Ɗakunan na duk wanda ke kan aikin ne. Ran da aka sallame shi, ranar za su kwashe kayansu.

Watan Oktoba shi ne watansa. Da zarar ganye ya fara zuba, sai ya bi ɗaki ɗaki yana cire esi, na'urar sanyaya ɗaki, daga tagogi kafin sanyi ya shigo. Tagogin ginin irin waɗanda ake ɗagawa sama ne, kuma esi yana zaune a bakin taga, yawancin nauyinsa a waje, yana lilo a kan titi. Ba abin da ke riƙe da shi sai murfin tagar da ya danne shi da 'yan sukurori. Abin da ke ƙona wa Fermin rai kenan da masu gaggawa: mutum ya kwance sukurori, ya ɗaga taga bai kama komai ba, sai dai a ji ƙara a ƙasa. Shi kuwa tun jajibere yake sa a zare wayar wutar esin, ruwan ciki ya tsane. Ya shimfiɗa tsohon tawul, ya damƙe saman esin da hannun dama, ya ɗaga taga da hagu, ya jawo shi zuwa ƙirjinsa. Daga nan ya wanke ragar da ke tace ƙura, ya shanya, ya sauke shi ɗakin ajiya a zaune daram, ba a kwance ba, da sunan mai shi a jiki.

Belkis ma tana da nata aikin. Duk lokacin da ya hau, sai ta fita titi da tsintsiya mai dogon hannu, ta tsaya tana korar masu wucewa. Ya sha gaya mata ta matsa gefe. Ta ƙi. Cewa take in ba a daidai ƙarƙashin tagar ta tsaya ba, mutanen garin nan ba sa kaucewa, kuma dai ai Fermin ne a sama.

To, bana akwai abin da bai gaya mata ba. Tun watan Agusta yatsu uku na hannunsa na dama suka fara mutuwa, ba sallama. Yana riƙe da abu, sai ya ga abin a ƙasa. Bayan ɗan lokaci su farfaɗo. Ya ji tsoro ƙwarai, domin mai ginin ba ya ajiye mutum don tausayi. Sai ya rufe bakinsa. Ya ci gaba da cire esi da dabara, ya tokare da gwiwa, ya haɗa da haɓa, yana gumi yana addu'a. Ɗaya kawai ya rage, na Donya Herminiya a hawa na biyar. Tsohon ƙarfe ne, ya kai nauyin buhun siminti. Ga matar da baki, ga shi wakilin mai ginin ɗan ƙanwarta ne, kullum suna waya.

Mako biyu yana kewaye-kewaye. Ya fenti ƙofar da ba ta nemi fenti ba. Ya share tsakar gida sau uku a yini. Ran Asabar da safe Donya Herminiya ta tare shi a matakala, ta naɗe da bargo.

"Supa, kashe ni kake so ka yi? Iska ta gefen esin nan take shigowa, ƙashina har kuka yake."

"Haba Donya, ke da za ki binne mu duka."

"Kai zan fara binnewa in ba ka hawo yau ba. Ko na kira yaron nan ya turo wani?"

"Wa zai turo? Ina zuwa yanzu."

Ya leƙa ɗaki ya ce wa Belkis ta ɗauko tsintsiya. Ta sauke tukunyar agade, ta goge hannu.

"Tsoho, ka ci wani abu tukuna mana."

"In na sauko."

Ɗakin Donya Herminiya yana warin man zafi da kofi. Ta zauna a bakin gado tana ba shi labarin matar hawa na uku, wadda mijinta wai ya tafi gida hutu tun bara. Fermin bai ji ko rabi ba. Ya shimfiɗa tawul. Ya cire tsummokaran da ta cusa a gefe. Ya kwance sukurori huɗu, ya zuba a aljihu. Hannun yana lafiya. Ya murza yatsun, ya ji su sarai, har ya ɗan ji daɗi. Ya damƙe saman esin, ya sa hannun hagu a ƙasan murfin tagar.

Kafin ya ɗaga, ya manna goshi a gilashi ya duba ƙasa, kamar kullum. Ga Belkis can, furfurarta a fili, ta gitta tsintsiya gaban wani mai tura jariri a keke. Muryarta har sama.

"Malam, ka zaga ta can! Ba ka ga ana aiki ba?"

Mutumin ya zaga. Ita ta koma wurinta, ta ɗaga kai, ta yi wa tagar alama da hannu cewa hanya ta buɗe.

Sai ya duba hannunsa. Yana nan a kan ƙarfen, amma bai ji sanyin ƙarfen ba. Bai ma san lokacin da yatsun suka saki ba. Da ya ɗaga tagar daƙiƙa biyu da suka wuce, da shi kenan.

Gumi ya keto masa. Ya yarfa hannun, ya cije shi, ya buga a cinya. Zuciyarsa ta ce ya ɗan jira, ai suna dawowa. Ta ce ya gwada da hagu, ya tokare da kafaɗa. Ta ce ya ce wa tsohuwar sukurun ya yi tsatsa, sai gobe. Duk ya auna, yana tsaye yana canza ƙafa.

"Supa, addu'a kake yi ne? Ɗaga mana, sanyi nake ji."

Ya zaro sukurorin daga aljihu da hannun hagu. Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, a karkace, da ƙyar, ya ɗaure su tam. Donya Herminiya ta miƙe daga bakin gado ta leƙo.

"Me ke nan kuma?"

"Donya, ba zan iya ba."

"Kamar yaya ba za ka iya ba?"

"Hannuna ya mutu. Ki kira ɗanki ya turo mutum biyu. Kada ki bari mutum ɗaya ya taɓa shi, ko wane ne."

Kunya ta kama shi har wuya. Ya naɗe tawul ɗinsa ya fita. Bai kai hawa na huɗu ba ya ji ta ɗauki waya.

Belkis tana nan inda ya hango ta, kai a sama. Da ta gan shi a ƙofa hannu wofi, sai ta sauke tsintsiya.

"Ina esin?"

Ya miƙa mata hannun. Ta kama, ta matsa yatsun ɗaya ɗaya, tana kallon fuskarsa. Bai motsa ba.

"Tun yaushe?"

"Agusta."

"Agusta." Ta ɗaga kai ta bi tagogin ginin da ido, hawa hawa, duk a rufe, duk babu esi sai ta Donya Herminiya. "Waɗannan fa? Guda nawa ka cire bana?"

"Talatin da ɗaya."

"Da wannan hannun?"

"Belkis, ɗakinmu nake..."

"Ɗaki?" in ji ta. "Fermin, sau talatin da ɗaya ina tsaye a nan, kana kallona ta taga, ka ɗaga."

Ba ta saki hannun ba, amma ba ta ƙara duban sa ba. Wata mata ta zo wucewa da jakar cefane, ta tsaya tana tambaya ko a zaga ne.

"Wuce abinki," in ji Belkis. "An gama."