Neman wa Yaro Kwaleji Ranar Kasuwar Mafara

Mun tashi da asubar Talata, ko tabarmin masallaci ba a naɗe ba, ni da mai ɗakina da babban ɗanmu mai shekara goma sha shida. Daga ƙauyenmu zuwa Maradun a ƙafa muka tako cikin raɓa, domin ranar kasuwar Mafara motar farko ba ta jiran kowa. Bari in fara gaya muku abin da ya fitar da mu, kada ku ɗauka yawon buɗe ido muka tafi.

Yaron ne ya ci jarrabawa, takardu biyu suka zo masa. Ɗaya ta kwalejin horon malamai ce a wajen Bakura, ɗaya kuma ta kwalejin koyon sana'a a Talata Mafara, inda ake koyar da gini da awon ƙasa da gyaran inji. Shi ta Mafara yake so kamar ransa. Ni ma ita nake so masa, saboda gonar fadamar da zan bar masa tana ƙarƙashin ruwan dam yau damina biyu ke nan, kuma ban ga abin da zai gada daga gare ni ba sai allo da fartanya. Amma a gidanmu ba ni ke yanke magana ba. Mahaifina yana da rai, malami ne ɗan malami, kuma wani yayana, ɗan wan mahaifin nawa, ya riga ya cika masa kunne. Kullum bayan la'asar sai ya baje a zaure ya fara: Mafara ta lalace tun zuwan kamfanin dam, 'yan kwaleji suna tsallake katanga su tafi casu, ga kiɗa, ga giya, ga mata. Mako uku muna wannan ja-in-ja. Daga ƙarshe Malam, wato mahaifin nawa, ya ce in je in yi bincike irin wanda ake yi wa gidan da za a nemi aure, in dawo in faɗa masa tsakanina da Allah. In na ga ɗan makaranta ko ɗaya a wurin casu, to yaro ba shi ba Mafara.

A Maradun muka sami wata a-kori-kura, aka loda mu tare da buhunan sabon gero da awaki biyu. Kuɗin mota ya ninka na bara, da na yi magana yaron mota ya ce in ban yarda ba ƙafata na nan. Hanyar kuwa manyan motocin kamfani sun gama da ita. Ko'ina rami ne cike da ruwan sama, direba yana kauce wa ɗaya ya faɗa biyu, ɗaya daga cikin awakin nan kuma ta zaɓi ƙafata ta mayar da ita wurin tsayawa. Da muka hau wani tudu sai ga ruwan dam ya bayyana ta hagu, shimfiɗe har iyakar gani, kawunan itatuwa sun leƙo daga cikinsa. Duk wanda ke cikin motar nan ya juya wajen ruwan. Kowa ya san wurin da yake kallo, ni ma na san wurin da nake kallo, kuma har yau ban iya ganin ruwan nan ban ji zuciyata ta tafasa ba.

Gaba kaɗan filaye ne da katafila ta daidaita, an share kunya da iyaka, an yanka magudanan siminti miƙe tsaf. Kyau kam akwai kyau. Sai dai a tsakiyar kaka ban ga karan dawa ko ɗaya a ciki ba, don an hana masu wurin shuka har sai an gama aiki.

Mun iso Mafara da hantsi, kasuwa ta fara ci. Ba mu tsaya ba sai shan shayi, inda na biya wa burodi ɗaya abin da a da ke sayen uku. Na ƙudurta mu fara zuwa Bakura, don in ta yiwu a can, ko yaron bai so ba, aƙalla Malam ba zai hana ba.

Bakura gari ne mai natsuwa, in dai ba jakai da masu sussuka ba, ba ka jin hayaniyar komai. Muka sauka gidan gwaggon mai ɗakina, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da ruwa da tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, sannan aka kawo fura mai kauri da nonon da ba a surka ba. Fura irin wannan na daɗe ban sha ba. Daga nan na ja yaron muka nufi kwalejin. Wani ma'aikaci mai fara'a ya karɓi takardarmu, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce an rufe karɓar sababbin ɗalibai tun makon jiya, an ba wasu gurbin waɗanda ba su zo ba. Ya ba mu haƙuri har bakin ƙofa, kuma ban ga laifinsa ba. Laifin namu ne, mu da muka zauna a zaure mako uku muna sauraron mutum ɗaya yana wa'azin casu. Na fito kunnena na zafi. Yanzu Mafara ce kaɗai ta rage, in ita ma ta kuɓuce, yaron zai koma gida ya zauna babu gona babu makaranta.

Da azahar muka dawo Mafara, kasuwa ta cika ta batse. Ban taɓa ganin kaya irin na bana ba: rediyo, agogo, katifu, kekuna sababbi a jere da takardarsu, 'yan tireda daga garuruwan da ban san sunansu ba. Masu saye kuwa mutanenmu ne, waɗanda aka ba diyyar gona. Na ga wani dattijo ya ɗaura agogo biyu, ɗaya a kowane hannu, yana tambayar na kusa da shi ko la'asar ta yi. Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi mini daɗi ba. Muka ci tuwon shinkafa da miyar taushe a wata rumfa, tuwon ƙanana, miyar ruwa-ruwa, kuɗin kuwa na nama ne alhali naman sai an yi bincike.

Kwalejin tana can bayan gari. Kowa ya san ba a tambayar uban yarinya halin 'yarsa, don haka ban nemi shugaban makaranta ba. Na raba mana aiki. Ni na tafi wurin ladanin wani ƙaramin masallaci da ke daura da ƙofar, da wani wanzami mai aski a gindin bedi. Mai ɗakina ta zauna wurin wata mata mai soya ƙosai, ta sayi na sule, ta fara da zancen tsadar mai.

Ladanin ya ce yaran suna cika masa sahu, sai dai suna da gaggawar tashi bayan sallama. Wanzamin ya fi kowa ƙorafi, wai sun daina aski, suna tara suma kamar kwando, ga wanduna masu faɗin ƙafa da ke share ƙasa. Ya ƙara da cewa ran Asabar ana kunna musu garmaho a babban ɗaki su yi rawa, malami na zaune a bakin ƙofa. Na ce da mata? Ya ce ina mata a makarantar maza, junansu suke taka wa. Mai ƙosai kuwa, da mai ɗakina ta kawo zancen casu, sai ta ajiye matsami ta yi dariya.

"Waɗanga? Da mi za su casu? Ƙosan kwabo biyar su ukku ka raba shi. Casu na masu kuɗɗi na, Hajiya."

Muka koma gefe ni da ita muka auna. Ba zan ɓoye muku ba, garmahon nan ya tsaya mini a rai, ga sumar, ga wandon. Ita kuwa ta ce suma ana aske ta, wando ana rage shi, amma zaman banza a gida ba ta san maganinsa ba. Na ce duk da haka alkawari na ɗauka, sai na ga wurin casun da idona. Wanzamin ya ce ba sai na wahala ba, yana bayan tasha, kuma yau ga kasuwa ga ƙarshen wata, tun la'asar ake farawa.

Dama hanyarmu ce ta komawa tasha. Tun daga nesa muka jiyo kalangu da lasifika. Wani fili ne aka kewaye da zana, babura da kekuna jingine a waje, masu tsire da masu sigari sun kafa teburansu, ko rana ba ta faɗi ba, ba kunya ba tsoro. Na ce mai ɗakina da yaron su wuce gaba su jira ni. Yaron bai motsa ba. Yana kallon wani jan babur mai tufar sirdi ta saƙa, irin wadda matan gidanmu ke yi, sai ya ce a hankali, "Baba, wanga ba babur ɗin Baba Babba na ba?"

Haka yake kiran yayan nan nawa. Na leƙa ta wata ɓarakar zana. Na duba fuska ɗaya bayan ɗaya, ina neman ɗan makaranta. Babu ko ɗaya. Akwai direbobin kamfani da leburori, sauran kuwa magidanta ne masu furfura, da yawansu na san ƙauyukansu, na san inda gonakinsu suke kafin ruwa ya ci. A tsakiyar fili ga yayana, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, hula ta koma ƙeya, yana liƙa wa wata mai rawa takardun naira a goshi. Wannan duka da na iya haɗiyewa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne maroƙin da ke bin bayansa da lasifika, yana kiran sunan kakanmu. Kakanmu da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, wanda mutane ke tahowa daga Faru da Tsibiri a ƙafa don ɗaukar karatu a gabansa, shi ake kira a gaban kwalabe, ana cewa ga jikan malam ya shigo fili. Wato ashe duk lissafin da yayan nawa yake yi mana a zaure ba ji ya yi ba, gani ya yi, kuma shi ke biyan makaɗan.

Ya juyo don ya ƙara zaro kuɗi, idonsa ya faɗa cikin nawa. Na saki zanar. Da na waiwaya sai na ga yaron a bayana, shi ma ya sami tasa ɓarakar.

Muka hau mota muka koma Maradun. Na saya musu gasasshiyar masara a tasha, yaron ya riƙe tasa har gida bai ci ba. Mun shiga ƙauye ana kiran magariba.

Washegari da hantsi Malam ya sa aka kira ni zaure. Yayana na nan zaune a wurinsa na kullum, da carbi a hannu, bai ɗago kai ba. Yaron ya tsuguna daga bakin ƙofa. Bayan gaisuwa na faɗi yadda aka yi a Bakura, na faɗi zancen garmaho da suma, ban rage komai ba.

"To casun fa? Mi kag gani?" in ji Malam.

"Akwai shi, Malam, na gani da idona. Amma wallahi ban ga ɗan makaranta ko guda ba."

"To su wa ka yin shi?"

"Manya na, Malam. Masu iyali."

Na tsaya nan. Tsohon nan idonsa ya yi rauni, ƙafarsa ta yi rauni, abin da ya rage masa a duniya sunan mahaifinsa ne, kuma ba ni zan gaya masa inda na ji ana kiran sunan ba. Kafin ya sake tambaya, yayana ya yi gyaran murya.

"Baba, ni dai na sake tunani. A bar yaron ga shi tai Mahwara. Ɗiyan gidan ga ba su lalacewa."

Malam ya yi murmushi, ya ce madalla, ya ce babba ke nan, wanda ke iya janye maganarsa don gaskiya. Ya sa wa tafiyar albarka. Sannan ya juya wajen ƙofa ya ce wa yaron ya taso ya yi wa Baba Babba godiya, tunda shi ya roƙar masa. Yaron ya taso, ya durƙusa a gaban mutumin nan, ya yi godiya kamar yadda aka koya masa. Shi kuma ya ɗora masa hannu a ka, har da nasihar ya kiyayi abokan banza. Ina zaune ina kallo.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In za ku duba wa ɗanku makaranta, ku je da ƙafarku, ku je da wuri, ku tambayi mai ƙosai da wanzami, su ba su da abin ɓoyewa. Wanda kuma ya fi kowa sanin yadda casu yake, ku fara tambayarsa inda ya sani. Mun kusa hana yaro karatu don tsoron abin da zai gani a Mafara, alhali abin da ya gani ɗin daga gidanmu ya tafi can. Ban ambaci sunan kowa ba a nan, amma in an karanta masa zai gane kansa.

Ran Asabar yaron zai tafi, uwarsa na ta ɗinkin zanen gado. Ɗazu ina gyara masa akwati ya tsaya a kaina, ya ce, "Baba, in na zo hutu, in riƙa zuwa gaida Baba Babba da sahe kamar da?"

Na ce ya riƙa zuwa. Ya ce to, ya ɗauki akwatin ya shiga ciki, bai dube ni ba.