Gidaɗo Mai Wayar Iska da Kazarsa

Ta bayan katangar laka Mero ta ji Atika tana yi wa mijinta Gidaɗo faɗa, wai mutum yana kwance kububuwa ta sare shi, shi kuwa ya zauna yana kallon kaza. Mutumin da ke kwancen Yero ne, mijin Mero, tuni jini ya fara fita ta dasashinsa. Maganin yana Birnin Kebbi, ba mai iya kiran mota sai Gidaɗo.

Gidaɗo tsohon soja ne, a yaƙi ya koyi aikin wayar iska, ya dawo Bagudo aka ba shi akwatin wayar iska na ofishin dabbobi. Layi ɗaya suke amfani da shi da na Lafagu da na Geza, har muryar wani na ƙasar Dahome takan faɗo ciki. Da, wani Bature ne yake raba musu lokacin magana. Da aka sami 'yancin kai ya tafi da agogonsa. In mutum biyu suka danna maɓallin magana tare, ba a jin kowa sai ƙara. Suka koyi janyewa in an yi karo, amma haƙurinsu tare yake ƙarewa, su sake dannawa tare. Shi ne Gidaɗo ya riƙa watsa gero a tsakar ɗaki, ba ya taɓa akwatin sai kazarsa ta ga dama ta shigo, tunda ba wanda ya san ranta a Lafagu ko Geza. Sauran ba su taɓa ganinsa ba, amma sannu a hankali kowa ya nemi nasa abin da zai riƙa jira kafin ya danna.

Ranar kuwa kogi ya yi ambaliya, kowa yana ihun neman jirgi, abin da aka koya duk ya watse.

Mero ta zagayo ta durƙusa a ƙofarsa. Ta tuna shanun Yero sun taɓa cinye masa dawa, bai kai ƙara ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ta san shi da son a jira shi. Ta dubi fuskarsa tana neman alamar ramuwa, ta kasa rabe ta da ta haƙuri.

"Baba Gidaɗo, in don dawar nan ne..."

Bai waiwayo ba. Ya ce in ya danna yanzu, muryarsa za ta nutse cikin tasu. Atika ta ɗauko zani za ta koro kazar ciki, ya hana ta da hannu.

Kazar ta tsaya tana tonon ƙasa, ta dubi Mero, sannan ta taka ta shiga. Ya danna, ya faɗi sunan garin da na macijin. Ƙara ta dawo ta rufe amsar.

Ya fito bakin ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Saƙo ya fita, 'yata. Ko sun ji, ban sani ba. Je ki riƙe masa kai, zan sake watsa gero."