Rabon Bukar

Jiya aka zaɓe ni shugabar ajinmu, sai Kaka ya faɗo mini a rai. Malamin kimiyyar siyasa ne a Gashuwa, ko miya ba a ɗorawa a gidansa sai an kaɗa ƙuri'a.

Wata rana jikoki suka zaɓe ni in raka shi Nguru sayen bandar kifi. A hanyar dawowa ƙamshi ya cika motar har na kusa suma. Na ce, "Mijina, ƙanena Bukar bai zaɓe ni ba, ni zan cinye rabonsa."

Ya leƙo ta saman tabarau. "Amarya, wanda bai zaɓe ki ba, shi za ki fara ba wa."

Haka na miƙa wa Bukar babban kifin, ina haɗiyar yawu.

Yau kuwa a aji, da sauraron 'yan adawata na fara. Allah Ya jiƙanka, Kaka, Ya sa ka cikin zaɓaɓɓunSa.