Ƙofar da Kaka Ta Zane

A gidanmu na Sparkhill, can ƙasar Turawa, babu murhu, sai wata hita mai gas da ke gasa maka ƙauri, bayanka kuwa ya zama ƙanƙara. A gabanta Kaka Saratu ke tara mu bayan tuwo, ni da ƙannena. Ni ne "Maigida", wai ni zan aure ta in na rage ci.

"Ga ta nan, ku kama ta kafin ta huce," haka take farawa.

Tatsuniyoyinta sun fi gashin kaina yawa, lokacin da nake da gashi, amma ɗaya take yawan maimaitawa. Wata yarinya ce mai zanen ƙwarya, irin wanda ake yi da wuƙa mai zafi. Ta tafi garin da rana ke leƙowa a kunyace kamar suruka. Can ta faɗa gidan makaɗa da masu fenti, baƙi da farare, tukunya ɗaya, ba mai tambayar ɗan wa kake. Ta yar da ɗankwali, ta yi rawa har takalmi ya tsage. Da yake garin babu ƙwarya, sai ta ɗora wuƙa a wuta, ta zane ƙofar gidan daga sama har ƙasa.

"Sai me, Kaka?"

"Sai wani mai kwat ya aure ta, ya ce matar dattijon coci ba ta ƙona ƙofar mutane. Ta ajiye wuƙa. Ku tashi, ta ƙare."

"Wannan ai ba ƙarshe ba ne!"

"Rufe baki, Maigida, acici."

Sai da na yi tumbi kafin na gane. Ranar da likita ya ce idonta na rufewa, a mota ta ce, "Maigida, kai ni garin Salford in ga ƙofata." Nan take hoton marigayi kakanmu cikin kwat, wanda ke rataye a falo, ya faɗo mini a rai.

Muka je. Layin ma babu shi, hukuma ta rushe shi tuntuni, sai dogayen gine-ginen gilashi. Ni da ƙarya ba ta yi mini wuya, na ja ta gaban wata ƙofa na ce, "Ga ta, fenti kawai suka shafa."

Ta lalube ta da tafin hannu, ta daɗe.

"Roba ce wannan. Yau ko ƙaryar ba ka iya ba."

A cikin tram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari, gilashin taga ya yi raɓa. Ta sa yatsa ta fara zane: layi, lanƙwasa, ɗigo-ɗigo, hannun nan ko rawa bai yi ba. Kafin tasha ta gaba duk zanen ya zube.

A da na ɗauka tatsuniya ce da Kaka ta manta ƙarshenta. Ashe roƙo ne. Duk shekarun nan tana zaune gaban wuta, ga wuƙa a kicin, tana jiran ɗayanmu ya ce, "Kaka, zana mana mu gani." Mu kuwa "sai me?" kawai muka iya.