Saniyar Baba Badamasi a Tarago

Baba Badamasi, yayan mahaifina, jikan fataken goro ne na Jugu. Jirgin ƙasa kuwa da ya taso daga Kwatano, a Faraku ya tsaya, bai ko waiwayi Jugu ba. Sai kasuwa ta bi jirgi, mu ma muka bi kasuwa, muka bar zauren kakanmu yana zubewa.

A da shanun Borgu da ƙafa suke zuwa kudu, su isa a rame. Da jirgi ya zo sai suka riƙa isa da kitsensu, dillalai suka yi gidajen siminti. Baba dai rakiya ya samu. Yana shiga tarago tare da shanun mutane, ya hana su kwanciya, domin wadda ta faɗi 'yan uwanta ne za su tattake ta. In ta ƙi tashi, ya yanka ta kafin rai ya fita, don kada ta zama mushe. Mahautan Kwatano ba sa tambaya. In Badamasi ya ce ya yanka, to ya yanka.

Mutum ne mai taurin kai, na sha jin haushinsa. Amma buri ɗaya yake da shi: ya koma Jugu ya ta da zauren nan. Bayan samun 'yancin kai ya sayi maraƙa, ya ba wani Bafulatani a Turu, kusa da Faraku, kiwo. Da ta cika saniya, ya sa ta a tarago cikin shanun Alhaji Usuman, wanda yake yi wa rakiya, don ya sayar da ita a Kwatano ya samu kuɗin ginin.

Ana cikin tafiya da rana jirgi ya taka birki da ƙarfi. Shanu biyu suka faɗi, tasa a wannan kusurwa, ta Alhaji a waccan. Ta Alhaji ya fara nufa, saboda amana ce. Kafin ya kutsa ya dawo, tasa ta daina numfashi.

Zailani, abokin rakiyarsa, shi ya ba mu labari. Ya ce masa, "Malam Badamasi, ai da ɗuminta. Sa wuƙa mana! In mun isa tashar Kwatano, wa zai sani?"

Baba ya ce, "To wa zai ci, Zailani? Ba mutanen da suka yarda da ni ba ne?"

A tasha ta gaba aka jawo ta waje, aka bar wa ungulu.

Bai ƙara mallakar saniya ba. Ya ci gaba da rakiya har gwiwoyinsa suka gaza, ya rasu a ɗakin haya a unguwar Banikanni ta Faraku. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Bara na je Jugu, na tarar an shuka kuɓewa a inda zauren yake.