Usta Labaran, Mai Tausasa Gaban Babur

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu 2025, bayan la'asar, maƙwabcina Amjad ya shigo ya ce min harsashin igwa ya faɗo a layinku a Umdurman, kuma kana cikin waɗanda suka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu da nake wannan rubutu ƙarar igwa ba ta daina ba.

Usta Labaran, shekara talatin ka yi kana gyaran babura kusa da Kasuwar Libiya, har yaƙi ya raba ka da rumfarka, ka koma aiki a ƙofar gida. A can na same ka bara, a firgice. Matata Tasnim tana da cikin wata takwas, ta fara ganin jini, ungozoma ta ce a kai ta asibiti amma kada a jijjiga ta. Mota kuwa babu. Babur ɗina kawai, wanda in ya faɗa rami sai ka ji shi har cikin haƙoranka.

Ka danna kan babur ɗin sau biyu, ka girgiza kai.

"Ya Idirisu, a kan wannan za ka ɗora 'yar mutane? Sauka, ɗana."

Ka kwance shokazoban gaba duka biyu, ka zubar da tsohon man da ya yi baƙi ya kafe, ka wanke cikinsu. Ka ciro sifirin masu laushi daga naka babur ɗin ka sa min, ka zuba sabon mai daidai awo. Ana ta harbi ta wajen gada, ni ina duƙewa, kai ko ɗaga kai ba ka yi ba. Da ka gama ka hau da kanka, ka bi ramukan layin, ka dawo ka ɗan sassauta na baya.

"Kada ka cafki burkin gaba da ƙarfi, gaban babur ɗin zai nutse. Tafi a hankali, ko me ka ji."

Na tafi a hankali, Baba, ina kuka. Tasnim ta ƙanƙame rigata, kowane rami ina jiran ihunta, ban ji ba. Bayan kwana shida ta haifi Arwa. Naka babur ɗin ya yi wata biyu a jingine kafin ka samo wasu sifirin.

Ban samu jana'izarka ba. Na fito har bakin titi, ƙarar igwa ta tashi, na koma gida. Ka yafe min.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya karɓe ka cikin shahidai. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hajiya Sittana, da 'ya'yanka Mawahib da Salahuddin, waɗanda har yau suna kwana a wannan layin. Ya Allah, Ka tsare su, Ka tsare mu, Ka sanyaya wa ƙasar nan. Amin.